Haladu Mai Shanun Huɗa da Nonon da Bai Sha Ba

Idan ka bi hanyar Kusada zuwa Yashe da farkon damina, ka hango wani dogon mutum siriri a bayan bijimai biyu, ba ya dukansu, ba ya yi musu tsawa, sai magana ƙasa-ƙasa kamar mai gaida surukai, to Haladu ka gani. Shekararsa arba'in da uku. Sana'arsa horon shanun huɗa. Kawo masa ɗan bijimin da ya tsinke igiya uku ya tarwatsa kasuwa, ka dawo bayan sati shida, za ka same shi a ƙarƙashin karkiya yana jan garma, huɗa miƙaƙƙiya kamar an ja ta da zare. Daga Boko har Rimaye ana kawo masa, kuma ban taɓa jin an dawo masa da sa an ce bai horu ba.

Ni sunana Ɗanmaliki, taubashinsa ne ni. Mahaifiyarsa, Gwaggo Hawwa'u, ƙanwar mahaifina ce. Duk wanda ya san wasan taubasai ya san abin da wannan ke nufi: abin da na ga dama shi zan faɗa masa, a gaban ko waye, ba shi da damar yin fushi. Shi ma yana da wannan damar a kaina. Sai dai rabon bai zo daidai ba, don ni Allah ya ba ni baki, shi kuma ya ba shi haƙuri. Na girme shi da shekara shida, kuma tun yana rarrafe nake cin zalinsa. In na ce masa bawana, sai ya yi murmushi ya ce, "Bawan wa? Kai da ko akuya ba ka iya ɗaurewa." Iyakar ramuwarsa ke nan, shekara da shekaru.

Tun yana yaro ba ya kama da mu. Mu gajeru ne baƙaƙe masu ƙwauri, shi dogo ne, fari-fari. In aka aike shi ya haɗu da garken shanu a hanya, to a manta da aiken. Yana da wata tafiya da yake gicciya sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa, ba wanda ya koya masa. Mai baki irina ba zai ga wannan ya ƙyale ba. Sai na ƙirƙiro masa labari.

Gaskiyar abin da na gani kaɗan ne. Lokacin Haladu yana da wata biyar ko shida, Gwaggo ta kwanta zazzaɓi da kaka, mutanen gida duk suna gona. Wata mai tallar nono daga rugar da ke bayan Yashe, Inna Ma'u, ta shigo ta tarar yana ta tsala kuka. Ta sauke ƙwaryarta, ta ɗauke shi ta goya, ta yi ta jijjiga shi har ya yi barci, ta kwantar da shi gefen uwarsa ta tafi. Ina zaune a bakin turmi ina kallo. Goyo na gani, ba wani abu ba.

Amma goyo ba ya ba da dariya. Don haka da na fara ba da labarin a teburin mai shayi, sai na ce wata Bafillatana ce ta shayar da shi, shi ya sa ya fito haka, rabin Bahaushe rabin saniya. Aka yi dariya. Washegari na ƙara gishiri, na ce da aka zo karɓarsa ƙin saki ya yi. Wani ya ce ƙarya nake, na ce wallahi da idona na gani. Rantsuwar nan ta fita ne kamar atishawa. Daga nan ta zama wani ɓangare na labarin, ba na ba da shi sai da ita. Na ba da shi a gidan suna, na ba da shi a wurin sussuka, na ba da shi a motar Kankiya. Sunan matar kawai ban taɓa faɗa ba, kuma ba wanda ya tambaya, don masu kawo nono gidan Gwaggo sun fi biyar. Haladu kansa dariya yake yi. Gwaggo ta rasu yana da shekara goma sha biyu, ba wanda ya taɓa tunanin ya tambaye ta.

Shanu ne suka kai shi rugar Baffa Yakubu, mijin Inna Ma'u, a lokacin ita ma ta rasu da shekara biyu. Ya je duba wasu 'yan bijimai, ya yi abota da Manu ɗan gidan, sa'ansa. A nan ya ga Fiddausi, ƙanwar Manu. Ba zan tsaya siffanta ta ba, ba ni da bakin yin wannan yanzu. Abin da zan ce shi ne, Haladu wanda in ka tara maganarsa ta sati ba ta cika ludayi ba, sai ga shi ranar kasuwar Kusada yana tsaye a gaban ƙwaryarta tun hantsi har la'asar, ya sha fura kwano uku don ya sami dalilin tsayuwa. Ita kuma tana ce masa, "Kaɗo, in cikinka ya fashe ba ruwana." Yana da shekara ashirin da ɗaya, ita goma sha takwas.

Kowa ya ce ba zai yiwu ba. Mutanen ruga ba sa son ba manomi ɗiya, mutanen gari kuma suna cewa ba za ta iya zaman gida ba. Ga wata tsohuwar rigimar ɓarna tsakanin rugar da dangin mahaifin Haladu, wadda har gaban mai gari an je. Duk wannan Haladu ya bi ya warware shi da irin haƙurin da yake horon sa. Shekara guda yana zuwa gaisuwa. Ya yi wa Baffa Yakubu huɗar gonarsa damina guda bai karɓi ko ruwan sha ba. Ya ɗauki baffansa a kan keke ya kai shi ruga aka yafi juna. Har ranar da Baffa Yakubu ya aiko ya ce manya su zo.

Muka tafi da hantsi, mu shida, har da limamin unguwarmu, Malam Zainul Abidin. Ni ne mai ɗaukar goro. Aka shimfiɗa mana tabarmi a gindin tsamiya, aka kawo kindirmo. Magana ta tafi lafiya lau. Baffa Yakubu ya ce ya ba shi, manya suna ta godiya. Wuri ya yi daɗi, ni kuma in wuri ya yi daɗi ban sa baki ba, ji nake kamar an ci abinci an hana ni.

Sai na ce, "Baffa, ai ba kyauta kuka yi ba, kayanku ne ya dawo gida. Yaron da ya sha nonon Inna Ma'u ina zai je in ba ruga ba?"

Sunan ya fito ne don kawai ya fi daɗin faɗa a gaban mijinta. Aka kwashe da dariya, har Manu yana dukan cinya. Mutum ɗaya ne bai yi ba. Liman ya ajiye ludayinsa a hankali ya ce, "Wa ka ce ta shayar da shi?"

Kada wani ya ce ban san hukuncin ba. Na san wanda mace ta shayar ya zama ɗanta, 'ya'yanta duk sun zama 'yan'uwansa, babu aure a tsakaninsu har abada. Tun a makarantar allo na sani. Amma a cikin kaina abin nan ba shayarwa ba ce, labarin teburin mai shayi ne, ban taɓa ajiye su wuri ɗaya ba sai da na ga fuskar Liman.

Baffa Yakubu ya ce shi dai ya tuna wata rana marigayiya ta dawo ta ce ta tarar da Hawwa'u ba lafiya ta riƙe mata yaro, lokacin tana goyon Manu. Ko ta ba shi ko ba ta ba shi ba, Allah ne masani. Liman ya ce a ɗaure goron tukuna, a haɗu a zaurensa bayan kwana uku.

Kwana uku aka ba ni. Wannan shi ne abin da ba na iya kewayewa. In da a take aka tsare ni, sai in ce ruɗewa ce. Kwana uku ina ci ina sha ina sallah, na san kalma ɗaya za ta gyara komai. Abin da ya riƙe ni shi ne, a lokacin an sa ranar aurena da Salma, ɗiyar Liman, sai bayan girbi. Liman kuwa duk unguwa an san maganarsa, yakan ce zai zauna da ɓarawo ya ci tuwo, amma ba zai zauna da mai rantsuwa kan ƙarya ba. Ni kuma na rantse a kan labarin nan ya fi sau ɗari, a gaban rabin ƙasar Kusada.

Ranar da aka taru, aka kira Iya Karima, tsohuwar maƙwabciyar Gwaggo, ta tsaya daga bayan ƙofa. Ta ce ƙwarai kuwa, ai wannan magana sananniya ce, kowa ya san Bafillatana ta shayar da Haladu, kuma Ma'u ce ta fi shiga gidan. Baiwar Allah ba ƙarya ta yi niyya ba. Ta ji labarin ne har ya zauna mata kamar ta gani. Daga bakina ya fita, ya zaga gari, ya dawo ta bakinta ya zama shaida.

Liman ya juyo gare ni. Ya ce, "Ɗanmaliki, nan ba teburin mai shayi ba ne. Na san ku taubasai ne. In wasa ne ka ce wasa ne, a tashi a je a raba goro. Ka gani da idonka?"

Ƙofa ya buɗe mini, faffaɗa, ko raƙumi ya wuce. Na dubi mahaifina, na dubi Liman, na tuna Salma. Na ce, "Allah gafarta Malam, na gani."

Liman ya ce to an gama. Namiji ya shaida, mace ta shaida, magana kuma ta daɗe da yaɗuwa tun kafin neman aure. Haladu da Fiddausi wa da ƙanwa ne.

Na zaci Haladu zai shaƙe ni a waje. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Sai ya biyo ni har bakin masallaci, idonsa ja, ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce, "Taubashi, na gode. Da ba ka faɗa ba sai bayan an ɗaura, ina zan sa kaina? Ka tsamo ni daga wuta."

Na ce masa ba komai. Ni ɗin nan, da bakin nan, na ce masa ba komai.

Bayan girbi aka ɗaura aurena da Salma. Haladu ne ya ja amalanken da ya kawo kayanta.

Da rabuwa aka yi irin ta kowa, kowa ya kama gabansa, da wataƙila ciwon ya warke. Amma hukuncin bai raba su ba, ɗan'uwanta ya mai da shi, kuma Haladu ba ya riƙon abu da rabin hannu. Da aka ba da Fiddausi ga wani ɗan baffanta da ke zaune a Rimaye, shi da Manu suka tsaya a kan komai. Shi ya gyara mata ɗaki. Da ta haihu, shi ya fara isa da itace cike da amalanke. 'Ya'yanta huɗu duk Kawu suke ce masa. Yana shiga gidanta kai tsaye, ya zauna a tsakar gida, ta kawo masa fura da hannunta ta ce, "Yaya, ka rame, shanun nan sun fi ka cin abinci." Mijinta yana ji da shi ƙwarai, yakan ce bai taɓa ganin suruki irinsa ba.

Shi kansa ya yi aure yana da shekara talatin, da matsin dangi. Matar kirki ce, sun yi shekara huɗu, ba faɗa ba haihuwa, ta ce ita dai kamar da bango take zaune, aka rabu lafiya. Bai sake ba. Ya koma bakin garin Kankiya ya kafa turakunsa, daga shi sai bijimai sai rediyo. Mijin Fiddausi ya rasu shekara uku da suka wuce. Tun daga nan, ruwan farko in ya sauka, gonarta Haladu yake fara huɗewa kafin ta kowa, kafin tasa.

Ni kuwa labarin nono ban sake ba da shi ba. In wani ya ɗauko shi sai in kawo wani da ya fi shi ban dariya in rufe. Na ƙware a wannan. Shekara ashirin ina cika wuri da surutu don kada a yi shiru in ji kaina.

Bara, ƙarshen zangon karatu, makarantar 'yan mata da ɗiyata take a Kankiya ta kira iyaye bikin ba da kyaututtuka. Haulatu, babbar ɗiyar Fiddausi, ita ma can take, Haladu ya zo a matsayin kawunta. Muka zauna benci ɗaya a ƙarƙashin rumfa. Ɗalibai suka yi wasan kwaikwayo da malaminsu ya tsara, na wani ɗan manomi da ɗiyar makiyayi da iyayensu suka yi gaba, aka hana su juna, ƙarshe rafi ya cika ya tafi da su biyun. Haulatu ce ta fito a yarinyar. Ta shigo da ƙwarya a ka. Uwarta ce sak, ranar kasuwar Kusada.

Da aka gama malamin ya karɓi lasifika ya yi bayani. Ya ce tun zamanin da, a ƙasashe da yawa, masu tsara wasannin ban tausayi suna son labarin yara biyu da aka hana juna, kuma abin da ke shiga tsakaninsu sananne ne: gabar gidaje, ko bambancin asali, ko wani saƙo da bai isa a kan lokaci ba. Na ce a raina, Malam, lissafinka bai cika ba. Haladu ya tsallake gaba, ya tsallake asali, saƙonsa kuma ya isa. Ba ka sa ɗan'uwa mai neman a yi dariya ba.

Na juya zan jefa wa Haladu wata magana, don abin da na iya ke nan, sai na ga hawaye na bin gemunsa, bakinsa yana motsi. Istigfari yake yi.

Da aka tashi na ja shi gindin wani dalbejiya na sayo mana ruwan leda. Ya ce in sha, azumi yake. Na ce, "Kai bawana, kullum Litinin da Alhamis kana azumi, so kake ka riga mu shiga Aljanna ka kama wuri mai inuwa?"

Bai yi murmushi ba. Ya ce, "Taubashi, kai kaɗai zan faɗa wa, tunda kai ka cece ni. Abin nan bai fita ba. Ƙanwata ce, na sani, amma in ta miƙo mini kwano sai zuciyata ta yi abin da bai kamata ba. Wane irin mutum ne wannan? Shekara ashirin ina roƙon Allah ya cire mini, ina azumi ko zai yafe. Ita matar da na aura, mi ta yi mini? Ni ne mai dattin."

Ruwan ledar nan ban san lokacin da ya faɗi daga hannuna ba. Na san na hana shi mata. Ban san na sa shi yana ƙyamar kansa ba. Mutumin da bai taɓa cin haƙƙin ko kaza ba yana ta tuba daga zunubin da ni na ƙera masa, ni kuma ina yawo gidajen suna ana ba ni kujerar gaba.

Salma na fara faɗa wa, washegari da safe tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta dube ni. Ta ce, "Wato a kan auren wasu aka gina ɗakin nan da nake ciki." Ta ce, "Yau kuma bakin ya mutu? Tashi ka sa riga, wurin Yaya za ka."

Yayanta, Malam Abdullatif, shi ya gaji limanci bayan rasuwar mahaifinsu. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya ce abin da na yi sunansa shaidar zur, kuma yana cikin manyan zunubai, kada in saka masa wata riga. Ya ɗauki sati biyu yana duba littattafai yana tuntuɓar malamai a Kankiya. Sannan ya kira ni ya ce, tunda na janye, kuma ta tabbata maganar Iya Karima da yaɗuwar labarin duk daga bakina suka samo asali, babu shayarwa, babu 'yan'uwantaka. Amma ƙaryar da aka shuka a bainar jama'a ba a cire ta a ɗaki. Ranar Juma'a, bayan an sallame, zan tashi.

Kafin Juma'ar na je wurin Haladu. Yana ba wani ɗan bijimi dusa. Na faɗa masa a tsaye, don ban ga ina da fuskar zama ba. Ya ci gaba da juya dusar da hannu kamar bai ji ba. Can ya ce, "Goyo kawai?" Na ce goyo kawai. Ya ce, "To ashe ba zunubi ba ne." Ya sake faɗa, a hankali, shi da kansa. Sannan ya wanke hannu a bokiti ya shiga ɗaki ya saki labule. Na tsaya har rana ta take, bai fito ba.

Ranar Juma'a na miƙe a ƙofar masallaci na ce jama'a su dakata, ina da magana. Tun kafin in fara wasu sun soma washe baki. Na ce labarin da na daɗe ina bayarwa cewa Inna Ma'u ta shayar da Haladu ƙarya ne, ni na ƙirƙira, kuma na yi shaida a kansa a gaban marigayi Liman. Sai aka fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Ɗanmaliki ba ka da dama! To wa ta shayar, kai?" Na ce wallahi da gaske nake. Aka ƙara dariya, don wallahin nawa sun san shi. Ina tsaye ina tonon asirin kaina, mutane suna riƙe ciki. Sai da Malam Abdullatif ya tashi ya ce magana haka take, sannan wurin ya yi tsit. Manu yana cikin sahu. Ya ɗauki takalmansa ya wuce ta gabana bai dube ni ba, har yau kuma bai sake ba.

Saura Fiddausi. Salma ta raka ni Rimaye, ta shiga, aka yi mini shimfiɗa a zaure. Labari ya riga mu isa. Fiddausi ta fito da lulluɓi ta zauna daga bakin ƙofa, ta turo mini kwanon fura. Na fara jero ban haƙurin da na shirya tun a mota. Ta bari na kai ƙarshe.

Ta ce, "Ɗanmaliki, in tambaye ka. Ranar nan a gindin tsamiya, ina cikin bukka ban ji da kyau ba. Mutane sun yi dariya kuwa?"

Na ce sun yi.

Ta ce, "To madalla. Ba a yi asara duka ba."

Furar nan ban iya shan ta ba.

Bayan wata guda Haladu ya aika baffanninsa, kamar yadda ya yi shekara ashirin da suka wuce. Duk garin an zuba ido, har mata sun fara zancen anko. Ni kaina na fara lallashin zuciyata cewa abin zai ƙare da shinkafa. Amsar da ta bayar Salma ce ta kawo mini ita. Ta ce ta yi kuka wata shida a wancan lokacin, sannan ta danne zuciyarta ta koya mata cewa Haladu yayanta ne, kuma zuciyar ta koyu. Yau 'ya'yanta huɗu Kawu suke ce masa, Haulatu ta kusa aure. Ta ce ba ta san ta inda za ta fara kwance wannan ba, kuma ba ta da wata shidan da za ta sake ba kuka. A ba shi haƙuri.

To ka ga abin da gaskiyata ta saya masa. Da yana da ƙanwa, yana shiga tsakar gida ya zauna. Yanzu shi baƙo ne a shari'a, iyakarsa zaure. Ban ba shi mata ba, na kuma karɓe ƙanwar. Abu ɗaya kawai na san ya samu, ya daina azumin nan na tuba. Ran wata Alhamis na gan shi a kasuwa yana cin rogo da ƙuli da rana tsaka, na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina.

Bai taɓa zagina ba. Abin da ya yi ya fi zagi. Ran da muka fara haɗuwa bayan amsar Fiddausi, na daure na ce, "Bawana, ina aka fito?" Sai ya tsaya, ya ɗan rusuna, ya ce, "Malam Ɗanmaliki, ina wuni? Ina iyali?" Kamar yana gaida wani dattijon wata unguwa. Tun daga ranar haka yake gaishe ni, cikin ladabi, ba ya tsallake ko ɗaya. Shekara arba'in ina tsokanarsa yana ce mini ko akuya ban iya ɗaurewa ba. Yanzu zan ba da abin da na mallaka in sake jin wannan.

Bana ruwan farko ya sauka ranar wata Talata. Laraba da sassafe na hau babur na bi hanyar Rimaye, ban gaya wa kowa ba. Na tsaya daga nesa. Yana can a gonarta da bijimansa biyu, yana yi musu maganarsa ƙasa-ƙasa, huɗa tana tafiya miƙe. Da hantsi ya yi aka kawo fura daga gida. Da can ita take kawowa da kanta, ta tsaya a bakin gona tana yi masa tsiya. Wannan karon Haulatu ce ta kawo, ta ajiye a gindin bishiya ta ce, "Kawu, ga shi in ji Inna."

Ya tsai da shanun, ya zo ya zauna ya buɗe kwanon. Ya ɗago ya hango ni a kan babur. Ya ɗaga mini hannu, irin ɗagawar da ake yi wa mai wucewa, ya ci gaba da shan furarsa.